Aikin shekara 15 ba ya yiwuwa da kwantiragin shekara 2

A 2003 aka kammala karanta jerin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, bayan shekara 13 da kashe kusan dala biliyan 3. Yau da abin da bai kai dala dubu ɗaya ba ake karanta na mutum guda. A ƙarshen 2023 rumbun UK Biobank na Birtaniya ya fitar da na mutum 500,000, kowane da harafi kusan biliyan 3 na rubutun gado. Tara bayanai ya zama mai sauƙi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna gaban kwamfuta ya tace su da ilimin ƙididdiga, ya bambance canjin ƙwayar gado da ke haddasa cuta da wanda ya zo tare da ita kawai.

Akasarin masu wannan aiki matasa ne da suka gama digirin digirgir, waɗanda a jami'o'i ake kira fosdok. Ana ɗaukarsu kwantiragin shekara biyu ko uku, in kuɗin tallafi ya ƙare su tattara kayansu su nemi wani gari, sau da yawa da mata ko miji da yara. Su ne ke kwana suna gyara manhaja, amma sunan shugaban ɗakin bincike ake ji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Amurka abin ya kai ma'aikatan Jami'ar Kalifoniya kusan 48,000 shiga yajin aiki a 2022, har da masu fosdok. A 2024 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ɗaga mafi ƙarancin alawus ɗinsu zuwa dala 61,008 a shekara, alhali kwamitinta ya ba da shawarar 70,000. In ka juya shi zuwa naira sai ka ce dukiya ce, amma je ka tambayi kuɗin haya a Boston. Kamfanonin magani da na fasaha kuwa suna biyan mai irin wannan ƙwarewa fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka suke kwashe su.

Me ya shafe mu? Sikila. Ta hanyar irin wannan lissafi aka gano, a 2007 da 2008, cewa ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke rage wani nau'in sinadarin jini da ake haihuwar jarirai da shi, wanda ke sassauta cutar. Sai a ƙarshen 2023 Birtaniya ta amince da Casgevy, maganin da aka gina a kan wannan ganowar. Shekara 15 kenan, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila.

Ga kuma wani giɓi: kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi irin wannan nazari a kansu 'yan asalin Turai ne. Da shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka ya karanta jerin mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ciki har da Birom na Filato, sai da aka samu canje-canje sama da miliyan 3 da ba a taɓa gani ba. Tallafin shekara goma na shirin ya ƙare a 2022.

A ganina albashi rabin maganar ne. Jami'o'i, namu da nasu, su buɗe guraben dindindin na masu nazarin bayanai, da matakan ƙarin girma da fansho, ba sai mutum ya zama farfesa mai ɗakin bincikensa ba. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, na gina ɗakuna tana sayen na'urori. Ya kamata ta ware wani kaso domin albashin waɗanda za su zauna a cikinsu.