Aikin yanar ido: mutum nawa ne suka koma gani?

An sake nuna mana irin hoton nan: dattawa a jere kan benci, kowa da auduga manne a ido, ɗan siyasa a tsaye yana shelar yawan mutanen da aka yi wa aikin yanar ido kyauta. Sai a miƙa wa wata tsohuwa makirufo a ce, "Iya, kin ji daɗin aikin?" Ta ce Alhamdulillahi, Allah ya saka da alheri. Shi ke nan, wai an auna gamsuwar marasa lafiya.

Me ake so ta ce? Baiwar Allah da ta shekara ana jan ta da sanda, aka yi mata aiki ba ko sisinta, ga likita tsaye a kanta, ga kyamara. Ko dishi-dishi take gani ba za ta faɗa ba. Kunya da kawaici ba su bari Bahaushe ya kushe kyauta a gaban mai ita, in kuma idon ya ƙi, a ce haka Allah ya ƙaddara. Godiyarta gaskiya ce, amma shaida ce ta tarbiyyarta, ba ta ƙwarewar likita ba.

Ba ma'auni aka rasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa aƙalla ido 80 cikin 100 da aka yi wa aiki su fito da gani mai kyau, waɗanda suka lalace kuwa kada su kai 5. A 2021 ƙasashen da ke cikin hukumar suka amince cewa aikin da ya maido da gani sosai shi ne abin ƙirgawa, suka kuma sa burin ƙara yawansa nan da 2030. Wane gwamna ko gidauniya kuka taɓa ji sun faɗi wannan adadin?

Ba za su faɗa ba, domin sai an jira makonni huɗu zuwa shida ido ya warke a sake gwada shi, lokacin kuwa tawaga ta daɗe da naɗe tabarma. Kuma nan ne tambayoyin suke. An auna tsawon idon kowa kafin a zaɓi gilashin da za a dasa masa, ko kuwa abin da ke cikin kwali aka raba? Wa ya ba da tabarau ga mai bukata? Wanda hazo ya dawo masa bayan shekara, abin da hasken leza ke gyarawa cikin 'yan mintuna, wa ya gaya masa ba yanar ce ta dawo ba?

Za a ce da babu gara ba daɗi. Masu faɗin haka ba idonsu ake taɓawa ba.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce ke haddasa kashi 43 cikin 100 na makanta, kuma fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda ita, masu aikin gargajiya da ke tura ta cikin ido da tsinke ne suka taɓa su. Mutum ɗaya ya dawo daga asibiti bai gani ba, ƙauye guda ya samu hujjar komawa wurin mai tsinke.

Don haka duk asibiti ko gidauniyar da ke wannan aiki, a tilasta mata ajiye rajistar ganin kowane ido kafin aiki da bayan ya warke, ma'aikatar lafiya ta riƙa bugawa. Tambayar gamsuwa kuma a kai ta gida bayan wata biyu, ta bakin wanda ba ma'aikacin asibitin ba: Baba, kana karanta Alƙur'aninka yanzu? Iya, kina zura zare a allura?