Ramin kilomita 91 da CERN ke son haƙawa ya cancanci kuɗinsa

A ƙarshen Maris na 2025 cibiyar bincike ta CERN da ke Geneva ta fitar da rahoto kan na'urar da take son ginawa, FCC, wadda za ta riƙa gwara ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa zarra domin nazarin abin da ke fitowa. Rami ne mai zagaye, kusan kilomita 91, a ƙarƙashin Faransa da Suwizalan, kuma zangon farko zai ci kimanin faran biliyan 15 na kuɗin Suwizalan. Masu suka na cewa kuɗin ya yi yawa, ga shi babu tabbacin gano sabuwar ƙwaya. Haka ne, amma ni dai ina goyon bayan a gina ta, saboda ingancin awon da za ta yi wa ƙwayoyin da aka riga aka sani.

Ƙwayar Higgs da aka gano a 2012 ba ta daɗewa, da ta samu sai ta wargaje ta koma wasu ƙwayoyi. Lissafin masana ya ce kusan kashi 58 cikin 100 tana komawa kwak nau'in b (kwak na cikin ƙwayoyi mafi ƙanƙanta da aka sani), sau 2 kacal cikin 1,000 take komawa ƙwayoyin haske biyu. In awo ya saɓa wa wannan lissafi ko da kaɗan ne, to akwai abin da ba a sani ba da ke sa hannu. Na'urar CERN ta yanzu, LHC, furoton (ƙwayar da ke tsakiyar zarra) take gwarawa da furoton, kowane karo da tarin tarkace, aikin ya zama kamar tsintar tsakuwa a buhun shinkafa. FCC kuwa za ta fara da gwara ilektron da kishiyarsa fositiron, karo mai tsabta da za a iya ƙidaya abin da ya fito.

An taɓa cin ribar irin wannan haƙuri. Tsohuwar na'urar CERN, LEP, wadda ta yi aiki daga 1989 zuwa 2000, ta tara kimanin miliyan 17 na wasu ƙwayoyi masu saurin wargajewa da ake kira Z. Daga saurin wargajewarsu aka tabbatar cewa nau'in nutirino, wasu ƙwayoyi masu ƙaramin nauyi ƙwarai, uku ne. Tsananin ingancin awon ya kai sai da aka lissafa da jan da wata ke yi wa ƙasa, har da wutar jiragen ƙasa masu wucewa kusa! Kuma da taimakon awon aka kintaci nauyin kwak nau'in top kafin cibiyar Fermilab ta Amurka ta gano shi a 1995. FCC za ta samar da Z tiriliyoyi.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Ko an amince da ita, sai wajen tsakiyar shekarun 2040 za ta fara aiki, kuma duk jinkirin da ƙasashen CERN suka yi wajen yanke shawara yana korar matasan masana zuwa wasu fannoni.