Tafiyar gaggawa a motocin makarantun Amurka: wa za a kira, kuma wa ya jawo gaggawar?

Ƙarfe ɗaya na rana waya ta yi ƙara a ofishin sufuri na wata gundumar makarantu a Amurka. Kocin ƙwallon kwando ne, yana son bas ƙarfe uku da rabi domin kai 'yan wasa wani gari. Mai rabon aiki yana da direbobi sittin a takarda, amma kusan dukkansu za su fita ƙarfe biyu su kwaso ɗalibai zuwa gida. Wanda zai kira cikin minti goma masu zuwa, da yadda zai kira shi, suna cikin abubuwan da suka fi haɗa direbobi da hukumar makaranta rigima a ƙasar da ke da motocin ɗalibai masu launin ɗorawa kimanin 480,000.

Sai an san yadda direban ke samun kuɗinsa za a gane dalilin da ya sa abin ke da zafi. Aikinsa a rabe yake, awa biyu zuwa uku da safe, awa biyu zuwa uku da rana, tsakaninsu kuma zaman jira ne da ba a biya. Da awa ake biyan sa, kuma da yawa ba sa kai awa 30 a mako. Wannan adadi yana da nauyi, domin dokar inshorar lafiya ta 2010 ta ɗauki mai yin awa 30 a mako a matsayin cikakken ma'aikaci, wanda ya wajaba babban mai ɗaukar ma'aikata ya yi masa tayin inshora. A ɗaya ɓangaren, dokar ƙwadago ta 1938 ta ce duk awar da ta haura 40 a mako, kuɗin awa ɗaya da rabi za a biya. Direba na neman ya haura 30, hukuma na gudun ya haura 40. Tafiye-tafiyen ƙari, wato wasanni, ziyarar gidan tarihi, gasar makaɗa ranar Asabar, su ne ke cike tsakanin, kuma tafiya guda ta Asabar tana iya kai awa takwas ko goma.

Tafiyar da aka sani tun da wuri ba ta cika jawo matsala ba. Yarjejeniyar da ƙungiyoyin ƙwadago irin su Teamsters, AFSCME da ATU ke ƙullawa ta saba tanadar cewa a liƙa tafiyar a allo kwanaki kafin ranar, masu so su sa hannu, sannan a raba ta ɗaya daga hanyoyi uku. Wasu suna ba wanda ya fi daɗewa a aiki. Wasu suna bin layi kamar yadda motoci ke lodi a tasha, wanda ya tafi ya koma baya. Wasu kuma suna ƙirga awoyin ƙari na kowa, su ba wanda nasa suka fi ƙaranci. Amma yarjejeniyoyi da yawa suna da saɗara guda da ke cewa idan buƙatar ta zo ƙasa da awa 24, ko 48 a wasu wurare, hukuma na iya kauce wa wannan tsari. Ta nan bango ke tsagewa.

Ra'ayina shi ne kuskuren yana wurin da ake fara ƙirgen lokacin. Yawancin saɗarorin suna ƙirgawa daga sa'ar da takarda ta iso ofishin sufuri, alhali daga sa'ar da makaranta ta san za a yi tafiyar ya kamata a fara. Akwai gaggawa ta gaske: bas ta lalace a hanya da yara arba'in a ciki, direban da aka ba tafiya ya tashi da zazzaɓi, ruwan sama ya sa an ɗage wasa zuwa gobe, ƙungiyar wasa ta ci wasan daren jiya ta samu shiga zagaye na gaba. Akwai kuma ɗalibin da iyalinsa suka rasa matsuguni, wanda dokar McKinney-Vento ta 1987, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, ta wajabta a riƙa kai shi makarantarsa ta asali, kuma irin wannan buƙata kan faɗo ne rana tsaka. Duk waɗannan ba laifin kowa ba ne. Amma kocin da jadawalin wasanninsa ya fito tun watan Agusta, ya manta bai cike takarda ba sai ranar wasa, sakaci ya yi. Idan yarjejeniya ta kira sakacinsa gaggawa, to direban da layi ya zo kansa shi ne ya biya kuɗin mantuwar wani. Mafi muni, duk mai rabon aikin da ke da ɗan gaban goshi ya samu hanya: ya ajiye takarda a aljihun tebur har wa'adi ya wuce, sannan ya kira wanda yake so.

Hukumomin makarantu suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Direbobi sun yi ƙaranci. A watan Satumba na 2021 gwamnan jihar Massachusetts na lokacin, Charlie Baker, sai da ya kira dakarun tsaron jiha har 250 domin su taimaka da jigilar ɗalibai. A ranar 9 ga Agusta 2023, ranar farko ta komawa makaranta a Louisville da ke Kentucky, yara na ƙarshe ba su isa gida ba sai dab da ƙarfe goma na dare, har aka rufe makarantu na kwanaki. Sabon direba kuma ba a kan titi ake tsinto shi ba. Sai ya samu lasisin manyan motoci da ake kira CDL, da izinin ɗaukar fasinja, da izinin tuƙa motar ɗalibai, ya wuce gwajin lafiya da na ƙwayoyi, sannan tun 7 ga Fabrairu 2022 dole ya yi horon da gwamnatin tarayya ta gindaya kafin ya zauna jarrabawa. A irin wannan hali, mai rabon aiki ba zai iya buga wa mutum sittin waya ɗaya bayan ɗaya ba alhali yara na tsaye a bakin ƙofa. Duk ƙungiyar ƙwadagon da ta nace sai an yi haka, ta nemi abin da ba zai yiwu ba.

Maganin wannan shi ne jeri na biyu, gajere, na 'yan ko-ta-kwana. A farkon kowane zango, direban da ya yarda a kira shi ba shiri ya rubuta sunansa da lambar waya guda ɗaya. Jerin ya riƙa juyawa da kansa, ba tare da ya taɓa matsayin mutum a babban layin rabon tafiye-tafiye ba. A rubuta wa'adin amsa a cikin yarjejeniyar: idan saura awa huɗu ko fiye, a jira minti goma sha biyar, idan saura ƙasa da awa biyu, kira ɗaya da saƙo ɗaya sun wadatar, a wuce na gaba. Wanda yake bisa hanya da ɗalibai, ta rediyon mota za a neme shi, domin jihohi da yawa sun hana direban motar ɗalibai ɗaga waya yana tuƙi, kuma zalunci ne a rubuta masa "bai amsa ba" saboda ya bi doka. Kowane kira a shigar da shi a littafi: suna, lokaci, abin da aka amsa, wanda ya yi kiran. Wakilin ƙungiya ya samu damar duba littafin duk ranar da ya so. Ƙorafi da yawa suna kaiwa gaban mai sasanci, wato mai yanke hukunci tsakanin ƙungiya da hukuma, kawai saboda wannan ya ce na kira, wancan ya ce ba a kira ni ba, babu takardar da za ta raba gardama.

Batun ƙin karɓa shi ma yana son kula. A babban layi daidai ne wanda ya ƙi tafiya ya koma baya, tunda ya samu kwanaki yana shiri. A jerin gaggawa bai kamata ba. Matar da za ta ɗauko ɗanta daga gidan reno ƙarfe biyar, ko dattijon da ke da ganin likita, ba su yi laifi ba don sun kasa sauya rayuwarsu cikin minti goma. Idan ana hukunta su, za su janye sunayensu, jerin ya ƙare da mutum uku. Idan kuma kowa ya ƙi, al'adar da aka saba ita ce a tilasta wa wanda ya fi kowa sabunta a aiki. Ka'idar sasancin ƙwadago a Amurka ta ce ma'aikaci ya yi aikin tukuna, ya kai ƙorafi daga baya, sai fa idan aikin na da haɗari ga rai ko ya saɓa doka. Amma tilascin ma ya kamata ya riƙa juyawa daga ƙasa zuwa sama. In ba haka ba, sabon direba ɗaya ne zai sha duk tafiyar dare ta shekara, ya ajiye aiki kafin bazara, a koma neman wani.

Akwai abin da ya kamata a duba tun kafin a buɗe kowane jeri, wato hutu. Dokar tarayya ta ce direban motar fasinja kada ya tuƙa fiye da awa 10 bayan hutun awa 8 a jere, kada kuma ya tuƙa bayan ya shafe awa 15 a bakin aiki. Sai dai jigilar gida zuwa makaranta, da motocin da gwamnati ke tafiyarwa da kanta, an cire su daga wannan doka. Ta fi kama kamfanin kwangilar jigilar ɗalibai irin First Student idan ya tsallaka da ɗalibai zuwa wata jiha. Saura ya rage ga dokar kowace jiha. Saboda haka a wurare da dama direba na iya dawowa daga wasa ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, ya zagaya kujeru ya tabbatar ba yaron da ya yi barci a ciki, ya share mota, ya isa gida bayan sha biyu, sannan ƙarfe biyar da rabi na asuba yana gareji yana duba birki, tayoyi, fitilu da ƙofar gaggawa. Yarjejeniya ce ya kamata ta toshe wannan giɓi: babu tafiyar da za a ba mutum idan ba za ta bar masa awa takwas kafin hanyarsa ta safe ba, komai daɗewarsa a aiki, kuma a riƙe masa matsayinsa a layi. Haka nan idan a tafiyar akwai ɗalibi mai keken guragu, sai wanda ya iya sarrafa na'urar ɗagawa da ɗaure keken ta kusurwa huɗu. A rubuta wannan a fili, kada "cancanta" ta zama kalmar da ake fakewa da ita a tsallake mutum.

Ba kowane direba ne ma yake da kariyar yarjejeniya ba. Ma'aikatan kamfanonin kwangila suna ƙarƙashin dokar ƙwadago ta tarayya ta 1935, amma waɗanda gunduma ta ɗauka kai tsaye dokar jiharsu ce ke hukunci, kuma jiha irin North Carolina ta haramta wa hukumomin gwamnati ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago tun 1959. A can, ƙa'idar da hukumar makarantu ta rubuta da kanta ce kaɗai madogara, kuma babu abin da ya hana ta ɗauki wannan tsarin.

Saura me za a yi idan an tsallake mutum ba bisa ƙa'ida ba. Hukumomi sun fi son su ce a ba shi tafiya ta gaba. Ƙungiyoyi sun fi son a biya shi kuɗin awoyin da ya rasa, kuma masu sasanci sun rabu a kan wannan, musamman inda yarjejeniyar ta yi shiru. Ina tare da biyan kuɗi. Tafiya ta gaba ta wani ce da ke bin layi, ba shi ita ɗaukar haƙƙin mutum na uku ne a biya bashin hukuma. Sannan tafiyar awa biyu ba ta maye gurbin ta awa tara. A ce direba na karɓar dala 24 a awa, aka tsallake shi a tafiyar awa tara: dala 216 ke nan, kuma ya kamata a cire su daga kasafin sashen da ya makara da takardarsa. Idan ofishin wasanni ne, a tura masa takardar biya da sunan wasan da ranar da jadawalinsa ya fito, a haɗa da kwafin shafin littafin kira na wannan rana.