Kalibu bai yi laifi ba, amma ya sha jeji

'Yan'uwana cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Akwai wahalar da mutum kan jawo wa kansa, ita kam maganinta sananne ne, sai tuba. Wadda ta fi ciwo ita ce wadda ba ka ci nanin ba, amma nanin ta ci ka. Ka ci bashin taki ka zuba wa masara, ruwa ya ɗauke tana tsakiyar fitar da goyo. Kin riƙe kanki, kin yi azumi da addu'a, auren ya ƙi zama. Ka gama bautar ƙasa shekara shida ke nan, takardunka suna ƙasan akwati, ƙannenka kuma sun fara kallonka da tausayi. A irin wannan lokaci ne Shaiɗan yakan zo da murya mai taushi ya ce, to, wannan bin Yesu da kake ta yi, me ya tsinana maka?

Ku buɗe Littafin Ƙidaya sura 13 da 14. Musa ya aiki mutum 12 daga Kadesh-barneya su leƙo ƙasar Kan'ana. Kwana 40 suka yi, suka komo da nonon inabi mai girman da sai da mutum biyu suka rataya shi a sanda. Goma suka ce ƙasar tana da kyau amma ba ta shiguwa, mutanenta ƙatti ne, mu kamar fara muke a gabansu. Kalibu ɗan Yefunne da Joshuwa suka ce a tashi a shiga, Ubangiji yana tare da mu. Saura kaɗan jama'a su jejjefe su.

Abin da ya daɗe yana taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya. Da Allah ya yanke wa jama'ar hukuncin shekara 40 a jeji, bai buɗe wa Kalibu wata 'yar ɓarauniyar hanya ya wuce Kan'ana shi kaɗai ba. Tare da su ya juya. Rana ɗaya ta dafa su, manna ɗaya suka ci, ya yi ta binne sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda rashin bangaskiyarsu ce ta cinye masa ƙuruciya. In ni ne, gaskiya, da kowace safiya sai na tsaya bakin alfarwa na ce musu, ba na gaya muku ba? Ba mu karanta ko sau ɗaya ba cewa Kalibu ya yi haka.

Sai a Joshuwa sura 14 ya sake miƙewa, a Gilgal, yana da shekara 85, shekara 45 ke nan da aka yi masa alkawarin samun gado a ƙasar da ya leƙo. Tsoho irin wannan, da ya roƙi fadama mai ni'ima ya huta, wa zai ga laifinsa? Amma ƙasar tuddai ya roƙa, Hebron, inda Anakawan nan da suka firgita abokansa suke zaune cikin birane masu ganuwa. Ya kuwa kori 'ya'yan Anak uku daga can. Sau uku a cikin surar aka maimaita dalilin: ya bi Ubangiji da zuciya ɗaya.

Kada mu ɗauka mai zuciya ɗaya ba ya kuka ko ba ya gajiya. Yana yi. Abin da ba ya yi shi ne ajiye wani abin dogaro a gefe don ko da Allah ya makara. Mun san kanmu ai. Ranar Lahadi muna gaba a majami'a muna raira waƙa, ranar Talata an gan mu a ƙofar boka, wai taimakon kai ne. Littafi Mai Tsarki a kan matashi, laya a ƙarƙashinsa. Taura biyu ba ta taunuwa, 'yan'uwa. Wani kuma ba boka ya je ba, fushi ya riƙe: dattawan ikkilisiya sun ɓata masa rai, ya ajiye hidimarsa, ya koma kujerar baya ya harɗe hannu, shekara uku yana jira a zo a ba shi haƙuri.

A Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasashenmu na arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham, wanda zazzaɓi ya kwantar a Legas, ya koma Kanada, ba ikkilisiya ko ɗaya da zai nuna. A 1900 ya sake dawowa, ciwo ya sake kayar da shi, aka sa shi a jirgi. Ku yi tunanin idon da mutanen garinsu za su kalle shi da shi. Duk da haka ya sake tara wasu ya aiko, sai a 1902 aka samu wurin zama a Patigi, a bakin kogin Kwara. Ya rasu a 1942, bai ga ranar da aka kafa ikkilisiyar ECWA, wadda ta tsiro daga wannan aikin, a 1954 ba.

Mama, ranar da kika sake kai yaro asibitin Jankwano a Jos, ki ɗan tsaya a bakin ƙofa ki karanta sunan da asibitin yake ɗauke da shi. Na mutumin nan ne da zazzaɓi ya kora gida har sau biyu.