Doguwa ko kewayayya, kankana gado take bi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin lodin kankana ya san cewa kafin dillali ya ƙwanƙwasa ya ji nuna, da ido yake fara ciniki. Kaya bai ɗaya yake so. Da zarar ya ga tsibi ya haɗa doguwa da kewayayya da mai siffar ƙwai, sai farashi ya sauka, manomi kuma ya koma gida yana zargin taki ko mai sayar da iri.

Sau da yawa laifin ba nasu ba ne. Tun 1937 masu bincike a Amurka suka nuna cewa galibi ƙwayar gado guda ce ke jan ragamar siffar kankana. In tsiro ya gaji tsawo daga iyaye biyu, 'ya'yansa dogaye ne irin na kankanar da ake kira Charleston Gray. In ya gaji kewaye daga duka biyun, sai su fito kamar Sugar Baby. In kuwa ɗaya-ɗaya ya samu, su tsaya tsaka-tsaki. A 2018 masana a Sin suka gano ƙwayar a kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, na uku cikin goma sha ɗaya na kankana, suka ga doguwa ta rasa haruffa 159 na DNA, sinadarin da ke ɗauke da gado, a wurin.

Ga inda abin ya shafi aljihu. Manomi ya sayi aurarren iri, wanda ake rubuta F1 a gwangwaninsa, mai siffar ƙwai daga uwa doguwa da uba kewayayye. Ya ji daɗinsa, ya wanke 'ya'yan cikin kankanar ya shanya don baɗi. Abin da zai girba kusan kwata dogaye ne, kwata kewayayyu, rabi ne kawai za su yi kama da na bara.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan ilimi bai fi bayanin minti biyar ba, amma ba ya isa gona. Ga shi ba sai an jira girbi ba. Ɗaga furen mace ka duba ɗan ƙullin da ke ƙasansa: mai tsawo doguwa zai ba da, mai kewaye kewayayya.

Kankanar da ta fito a karkace, gefe ɗaya a tsuke, ita kam yawanci ƙarancin ƙudan zuma ne lokacin fure, shi ya sa feshi da safe, lokacin da suke ziyartar fure, yake da haɗari. Malaman gona da masu shagon iri su riƙa faɗa wa manomi wannan tun ranar da ya zo sayen iri.