Dajin Kilim na Malesiya da Dajin Neja Delta Namu

Yawon yini guda da ake kai baƙi cikin dajin mangurof (bishiyoyin da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku) na Kilim, a arewa maso gabashin tsibirin Langkawi na Malesiya, inda zama ya kawo ni, bai cancanci kuɗinsa ba a ganina sai an dace da ɗan jagora mai ilimin wurin, wanda kuma ba ya gaggawa. Tun a shekarar 2007 hukumar UNESCO ta sanya Langkawi cikin wuraren da ake karewa saboda tarihin duwatsunsu, domin tsaunukan farar ƙasa da suka kewaye kogin sun haura shekara miliyan 400. Amma wanda aka wuce da shi a guje cikin jirgi mai inji ba zai ga komai ba face ganye da ruwa.

Jagora na ƙwarai yakan kashe inji inda ruwa ya janye, ya nuna saiwoyin da suka sauko daga jikin bishiya suka kafu cikin taɓo suna riƙe da ita, da waɗansu sirara da suka ɓullo sama daga laka domin bishiyar ta sami iska. Yakan tsinko ganye ya ce a lasa, sai a ji gishirin da itacen ya fitar daga jikinsa. Yakan kuma ɗauko dogon irin da ya riga ya tsiro tun yana rataye a jikin uwarsa, ya sake shi, a ga yadda yake cakewa a tsaye cikin taɓo. A nan ne mutum yake gane cewa wannan daji shi ne wurin renon ƙananan kifaye da ƙaguwa, kuma shi ke rage wa igiyar teku ƙarfi kafin ta isa gaɓa, abin da mutanen tsibirin suka ƙara ɗauka da muhimmanci bayan ambaliyar tsunami ta Disambar 2004.

Haka lamarin yake a Gua Kelawar, kogon jemagu. Ana shiga da ƙaramar fitila, jemagu na rataye a rufi, kuma jagora mai kula yakan hana haska su kai tsaye. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɓawon kawa (wata halittar teku mai ɓawo) da ya manne a bangon dutse can sama da inda ruwa yake kaiwa a yau, shaidar cewa dubban shekaru da suka wuce teku ya fi haka tsawo. Wani kogon kuwa, Gua Buaya, jirgi ne ke ratsa cikinsa, sai idan ruwa ya cika ya toshe hanyar.

Akwai abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan, wato watsa fatar kaza a ruwa domin jajayen shirwa masu farin kai da gaggafar teku su sauko baƙi su ɗauki hoto. Tsuntsun da aka saba wa abincin banza yana rage farauta, sannan jiragen da ke tsere zuwa wurin suna tayar da igiyar da ke zaizaye gaɓar da bishiyoyin suke tsaye a kai. Masu shiga da ƙananan kwalekwale na tuƙin hannu sun fi kowa gani, kuma ɓarnarsu ta fi kaɗan.

Duk da wannan aibi, idan na tuna Najeriya sai takaici ya kama ni. Dajin mangurof na ƙasarmu, wanda yawancinsa yake Neja Delta, shi ne mafi girma a Afirka, ya ninka na Kilim nesa ba kusa ba, amma labarinsa da ya fi yawo a duniya na malalar ɗanyen mai ne. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ga kuma bishiyar nipa, dangin kwakwa, wadda a nan Kudu maso Gabashin Asiya take zaune lafiya da maƙwabtanta, amma da aka kai ta Kalaba a 1906 sai ta bazu tana mamaye wuraren da asalin dajin ya mutu.

Babban bambancin da nake gani shi ne wanda ke cin moriyar dajin. A Kilim masuntan ƙauyen ne da yawa suka koma tuƙa baƙi, saboda haka bishiyar da ke tsaye ta fi musu amfani a kan wadda aka sare. Masuncin Neja Delta ma ya san kowace mashiga da lokacin cikar ruwa da janyewarsa, ilimin da ba a koya a aji. Idan an tsabtace ruwan, an samar da tsaro, shi ya kamata a horar a ba shi lasisin jagora, tare da ƙayyade gudun jirage da hana ciyar da tsuntsaye tun ranar farko.