Faretin 20 ga Mayu da yaran da muke kaiwa kallo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin fareti na Marwa ranar 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa ta Kamaru, ya san yadda ƙasa ke girgiza idan 'yan BIR, rundunar sojojin kai ɗaukin gaggawa, suka taho. Takalma na dukan kwalta a tare, badujala na tashi, motoci masu sulke na biye a hankali, gwamna da lamido suna zaune cikin rumfa. Ni kaina tsikar jikina takan tashi. A bikin da ya wuce na tafi da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 16 da ke karatu a lise, wato sakandare, kuma tun kafin mu iso gida ya riga ya yanke shawara. "Kawu, ni dai soja zan zama. Ka ga kakin nan? Ka ga bindigar nan?" Da uwarsa ta ji, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni ta ce, "Yaya, kallo na ce ka kai shi, ban ce ka kai mini shi bariki ba."

Maganarta ce ta tuna mini da wani abu da ake yi a Jamus. Ƙasar ta dakatar da aikin soja na dole a 2011, saboda haka rundunarta ta koma neman matasa da talla kamar kowane kamfani. Daga 2015 ta fara ware rana guda a shekara tana buɗe barikoki ga jama'a, a zo da iyali, a hau tankokin yaƙi, a ci a sha, a gefe kuma ga teburin masu ɗaukar sababbin sojoji. Rundunar tana karɓar 'yan shekara 17 idan iyaye sun sa hannu. Shi ya sa kusan kowace shekara masu adawa da yaƙi ke tsayawa a bakin ƙofofin barikokin da kwalaye, suna cewa kada a mai da yaƙi wasan yara, kada kuma a ɗauki wanda bai cika 18 ba. A 2016 aka bazu da hotunan ƙananan yara riƙe da bindigogi a wajen irin wannan biki, hayaniya ta tashi, har ministar tsaro ta lokacin, Ursula von der Leyen, ta hana a riƙa ba baƙi bindiga su taɓa. Ba a rushe rundunar Jamus ba don wasu sun ɗaga kwali. An dai gyara abu guda da bai dace ba.

Ni ina ganin waɗannan mutane suna da gaskiya, kuma mu a jihar Arewa Mai Nisa mun fi su dalilin yin wannan magana.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina. Jamus tana zaune lafiya, mu kuwa Boko Haram ta shigo mana har cikin ɗaki. Mun ga abin da ya faru a Kolofata a Yulin 2014, mun ga yankan rago da aka yi wa mutane a Fotokol a Fabrairun 2015, mun kuma kwashe gawarwaki a cikin Marwa a Yulin 2015 lokacin da bama-bamai suka tashi. Sansanin Minawawo har yau cike yake da 'yan gudun hijira daga Najeriya. Tun kafin wannan ma, 'yan zargina masu tare hanya ne suka sa aka kafa rundunar da ta zama BIR a 2001. Wanda ya ce ba ma bukatar soja bai taɓa kwana a Amcide ko Limani ba. Ina girmama duk wanda ya tsaya a bakin daga, kuma ina da 'yan uwa a cikinsu.

To amma wannan girmamawar ce ta sa ba na son a yaudari wanda zai gaje su. A fareti ana nuna wa yaro kaki mai guga da albashin ƙarshen wata. Ba a kawo masa wanda nakiya ta cire wa ƙafa a kan hanyar Mora. Ba a kawo matar da aka miƙa wa tuta a naɗe, ta koma gidan iyayenta da marayu uku tana bin ofisoshi da takardu. Ba a ambatar Darak, inda aka kashe sojojinmu a tsibirin Tafkin Chadi a Yunin 2019, ko Wulgo a Maris na 2025. Maƙwabtanmu 'yan Chadi sun rasa sojoji kusan 100 a rana guda a Bohoma a Maris na 2020, suka sake rasa kimanin 40 a Barkaram a Oktoban 2024. Mafi yawan waɗannan matattu samari ne, tsaran waɗanda ke tafi a gefen kwalta ranar biki. Idan za a kwaɗaita wa yaro aiki, a gaya masa har da wannan. Ko mai sayar da akuya a kasuwa ana sa rai ya faɗi aibinta.

Kafin ranar bikin, rundunonin tsaro kan shirya ranakun buɗe ƙofa, a baje makamai, a kawo 'yan makaranta rukuni-rukuni. Ana kiran abin zumunci tsakanin soja da al'umma, kuma ban ce babu alheri a ciki ba, domin gara talaka ya san soja a fili da ya riƙa ganinsa a shingen hanya kawai. Inda na tsaya shi ne yaron firamare da ake ɗorawa kan motar yaƙi a ɗauke shi hoto. Wannan yaro bai san mutuwa ba. Abin da zai tafi da shi gida shi ne bindiga ita ce girma. Mu kuwa muna zaune a yankin da wasu miyagu suka riga suka yi amfani da wannan tunani, suka ja yaranmu daji da alkawarin babur da kuɗi da mata. Cibiyoyin karɓar tubabbu da aka buɗe a Mora da Meri bayan kafa hukumar kwance ɗamara a 2018 shaida ne kan yawan waɗanda suka faɗa wannan rami. Bai kamata hukuma ta riƙa yi wa yaro magana da irin harshen da ya ɓatar da yayyensa ba, ko da manufarta ta alheri ce.

Ana cewa ai a Kamaru babu dole, wanda ya so ne yake shiga, sai kuma ya cika 18. Haka yake a takarda. Amma a duba wanda ke bin layi da fayil a hammata duk lokacin da aka sanar da ɗaukar sojoji ko jandarmomi. Binciken gidaje na ƙasa na 2014 ya nuna cewa kusan mutum uku cikin huɗu a Arewa Mai Nisa suna cikin talauci, fiye da kowace jiha. Rikici ya kashe cinikin iyaka da Banki da Gamboru, wanda dā yake ciyar da dubban gidaje. Saurayi ya gama Jami'ar Marwa, ya dawo yana sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga, a kwalba a bakin titi ko yana haya da babur ɗin wani. Gonar masakwa ba ta isa 'ya'yan gida ɗaya, ruwa ya cinye Yagwa a 2024, hanyar Mora zuwa Kusiri ta zama abin da direbobi ke rantsuwa da ita. Wanda yunwa ta kora zuwa ƙofar bariki, da wuya a ce zaɓi ya yi. 'Ya'yan masu zama cikin rumfa ranar fareti ba su cika bin wannan layi ba, kuma kowa ya sani.

Akwai kuma abin da yaƙi ke yi wa wanda ya rayu. A 2018 duniya ta ga bidiyon Zelevet, inda sojoji suka harbe mata biyu da yara biyu, ɗaya goye a bayan uwarsa. Da farko an ce ƙarya ne, daga baya a Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara goma-goma, na biyar shekara biyu. A Ngarbuh, can yankin masu magana da Ingilishi, an kashe fararen hula har da ƙananan yara a Fabrairun 2020, gwamnati kuma ta amsa cewa da hannun sojoji. Waɗanda suka ja kunamar nan ba a haife su da mugunta ba. Wata rana su ma yara ne masu sha'awar kaki. Yaron Marwa da ya shiga don kare garinsu daga Boko Haram ba shi ke zaɓar inda za a tura shi ba, yana iya tsintar kansa a Bamenda yana fuskantar ɗan ƙasarsa. Uwa tana da haƙƙin ta ji tsoron abin da ɗanta zai zama, kamar yadda take tsoron gawarsa.

Kakanninmu sun ɗanɗana wannan. Dakarun da hafsan Faransa Leclerc ya ɗauka daga Chadi ya ci Kufra ta Libiya da su a 1941, yawancinsu baƙaƙen fata ne na wannan yanki, 'yan Chadi da 'yan Kamaru. An yi musu kirari lokacin da ake bukatarsu. A Disambar 1944, a Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu, a 1959 kuma aka daskarar da fanshon waɗanda suka rage.

Me zai faru yau idan mata goma suka tsaya a gefen filin fareti da kwali mai cewa a bar yaransu su gama makaranta? Dokar Disambar 1990 ta ce sanar da hukuma kawai ake yi kwana bakwai kafin zanga-zanga, amma a aikace sufurefe, wato jami'in mulki na gunduma, yakan hana da sunan kiyaye zaman lafiya. Sama da wannan ga dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014, wadda faɗinta ya isa ya haɗiye mai kwali da mai bam a tare. Masu sauraron Hausa ba su manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI da aka kama a Marwa a Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara goma, bai fito ba sai Disambar 2017. Bayan wannan, wa zai buɗe baki? Shirun da ake ji a filin fareti ba yarda ba ce, tsoro ne, kuma hukumar da ke ɗaukar tsoro a matsayin goyon baya tana ruɗin kanta.

Ranar 20 ga Mayu ta samo asali ne daga ƙuri'ar raba gardama ta 1972, zamanin Ahmadu Ahijo. Ba ranar cin wani yaƙi ba ce, ranar haɗin kan ƙasa ce, saboda haka manomin auduga da malamar asibiti suna da rabo a cikinta daidai da mai kaki. A yi fareti, ban hana ba. Amma a raba shi da neman sababbin sojoji, a daina ba yara makami su riƙe, a mai da ɗaukar aiki ofis inda baligi zai zauna a karanta masa shekarun da zai yi, da inda za a iya kai shi, da abin da iyalinsa za su samu idan bai dawo ba. A ba nakasassun yaƙi da matan mamata kujera a gaban rumfa, a bar su su yi magana da bakinsu. Wanda kuma ya zo da kwalinsa cikin lumana, a bar shi ya tsaya.

Ɗan ƙanwata yana nan kan bakansa. Ban hana shi ba, ba ni da ikon hana shi idan ya kai shekaru. Na dai yi wa uwarsa alkawari cewa kafin ya sayi tambarin farko na takardunsa zan kai shi gaida wani tsohon soja a unguwarmu, wanda ya dawo daga bakin tafki da sanda a hannu, su zauna su biyu ba tare da ni ba.